Fashin baƙi: Me ya sa giyar tsofaffin motoci ba ta bin hanya ɗaya, kuma ina laifin yake idan ta ƙi shiga?

Me ya sa ribas ɗin wannan motar yake hagu ta gaba, na waccan kuma sai an danna sanda ƙasa sannan a ja ta baya? Kuma idan tsohuwar mota ta ƙi karɓar giya, da gaske ne giyabos ɗinta ya mutu?

Tambayoyin nan biyu sun dawo bakin mutane saboda tsofaffin motoci sun sake samun masoya. Wani ya gāji Fijo 504 ta mahaifinsa yana son ya tayar da ita, wani ya samo Beetle da aka jingine a bayan gida ya yi mata fenti, ga kuma a-kori-kura ƙirar 404 da har yau wasunsu ke jigilar hatsi da itace a kasuwannin ƙauye. Da yawa daga matasan da ke sha'awar waɗannan motoci a mai canza giya da kanta suka koyi tuƙi. Da zarar sanda ta fara lilo a hannu kamar muciya a tukunyar da ba komai, ko giya ta biyu ta ƙi shiga, hukuncin da ake saurin yankewa a gareji ɗaya ne: a sauke giyabos. Sau da yawa wannan hukunci zalunci ne ga motar da kuma aljihun mai ita. Tsakanin tafin hannun direba da haƙoran giya akwai wasu 'yan ƙarafa da robobi da ba a cika waiwayarsu ba, kuma amsar tambayoyin biyu a wurinsu take.

Abin da hannu ke yi, da abin da ke faruwa a ciki

A cikin giyabos, abin da ke kama giya ɗaya ya saki wata wani zobe ne mai zamiya a kan shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa da haƙoran giya ke jere a kanta. Ana tura shi da wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, ita kuma gwafar tana ɗaure a kan wata sanda da ke zamewa gaba da baya. Zobe ɗaya giya biyu kawai yake iya yi wa aiki: in ya matsa nan ya kama ɗaya, in ya matsa can ya kama ɗayar, in ya tsaya tsakiya bai kama kowa ba. Don haka giya ta ɗaya da ta biyu suke raba gwafa guda, ta uku da ta huɗu su ma suna da tasu.

Daga nan zanen da ke kan sandar giya ya samo asali, wanda ya yi kama da harafin H. Idan direba ya kai sanda hagu ko dama, bai taɓa wata giya ba tukuna, zaɓar gwafa kawai yake yi. Sai ya tura gaba ko ya ja baya ne gwafar da ya zaɓa take motsawa. Layin nan na tsakiya da ke haɗa ƙafafun biyu shi ne firi. Akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe masu sifirin da ke faɗawa cikin rami su riƙe kowace gwafa a inda aka ajiye ta, su ne "ƙas" ɗin da hannu ke ji. Akwai kuma wani ɗan makulli da ke hana gwafa ta biyu motsi muddin ta farko ba ta koma firi ba, domin giya biyu a lokaci guda na nufin ƙafafun mota su cije.

Sai zoben tagulla da ake kira sinkiro, wanda aikinsa daidaita gudun haƙoran biyu kafin su haɗu. Wani injiniya Ba'amurke, Earl Thompson, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Cadillac kuma ya fara sa shi a mota a 1928. Amma an daɗe ba a sa wa kowace giya ba. Beetle ba ta samu sinkiro a giya ta ɗaya ba sai a ƙirar 1961. Land Rover kuwa, kafin fitowar Series III a 1971, ta uku da ta huɗu ne kaɗai ke da shi. Wanda ya ce zai cusa irin wannan mota a giya ta ɗaya tana cikin tafiya, ƙara zai ji, kuma motar ba ta yi laifin komai ba. Tsofaffin direbobi sun san maganin: a taka kuloci a fito firi, a saki, a ɗan ba da wuta, a sake takawa sannan a shiga.

Dalilin da taswirar ta bambanta

Motocin Amurka na da can giya uku gare su, kuma zanensu yakan ruɗa ɗan yau. Ribas ne a hagu ta gaba, daidai inda muka saba samun giya ta ɗaya. Ta ɗaya tana hagu ta baya, ta biyu dama ta gaba, ta uku dama ta baya. Ba son rai ne ya kawo haka ba. A cikin irin wannan giyabos, haƙori guda ne ke zamewa ya ba da giya ta ɗaya a gefe ɗaya, ribas a ɗaya gefen, don haka dole su zauna a ƙafa guda. Tsarin ya zama sananne har dokar Amurka da ta fara aiki a 1968, wadda ta wajabta a nuna zanen giya a inda direba zai gani, ta keɓe mai giya uku na wannan tsari, tunda ana ganin kowa ya san shi.

Da aka ƙara giya ta huɗu, ƙafafun H biyu suka cika, ribas ya rasa masauki. Sai aka yi masa gwafa ta uku, kowane kamfani kuma ya ajiye shi inda ya dace da ginin cikin giyabos ɗinsa, tare da wata dabarar hana faɗawa ciki bisa kuskure. A motocin Chevrolet masu giya huɗu yana can ƙarshen hagu ta gaba, wasu ma sai an ɗaga wani ɗan ƙarfe da yatsu biyu. A Beetle ana danna sandar ƙasa, a kai ta hagu, a ja baya, kusa da giya ta biyu. A tsohuwar Land Rover sai an buge wani sifirin mai tauri zuwa hagu sannan a tura gaba. Motocin Japan masu giya biyar da suka zo daga baya yawancinsu sun kai shi dama ta baya, ƙarƙashin ta biyar.

Fijo tana da nata labarin. 404 ta fito a 1960, kuma na farko-farkonta, kamar yayarta 403, suna da zanen da ya fi kama da na mai giya uku da aka yi wa ƙari: ribas da ta ɗaya a layi guda, ta biyu da ta uku a layi na gaba, ta huɗu ita kaɗai a gefe. Sai wajen ƙarshen shekarun 1960 da aka canza giyabos aka koma tsarin da sauran Turai ke bi. Ke nan 404 biyu za su iya tsayawa gefe da gefe, kamarsu ɗaya, amma hannun da ya saba da ɗaya ya ɓata a ɗayar.

Akwai kuma tsarin motocin tsere, inda ake korar giya ta ɗaya zuwa hagu ta baya, a bar ta biyu da ta uku suna fuskantar juna, ta huɗu da ta biyar ma haka. Hikimar ita ce a fagen tsere sau ɗaya ake buƙatar ta ɗaya, wajen tashi, amma tsakanin ta biyu da ta uku ake ta kai da komo, to gara su kasance a miƙe. Porsche 911 na farko sun zo da haka, haka ma Mercedes 190E 2.3-16 da BMW M3 ta farko da aka sayar a Turai.

Wani abin da mutane kan ɗauka akasin haka: zanen sandar ƙasa ba ya juyawa don an sauya wa sitiyari gefe. Kafin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, Gana kuma a 1974, motoci masu sitiyari a dama ne suka fi yawa, direba yana canza giya da hannun hagu. Duk da haka giya ta ɗaya tana nan a hagu ta gaba. Mazaunin direba ne ya tashi, giyabos yana inda yake.

Daga ƙasa zuwa sitiyari, daga sitiyari a dawo ƙasa

A motocin shekarun 1920 da 1930, irin su Ford Model A, doguwar sanda ce ta fito kai tsaye daga murfin saman giyabos. Ƙasanta yana cikin akwatin, shi da kansa yake shiga bakin gwafa. Babu ɗan aike a tsakani, don haka babu abin da zai kauce. Land Rover da manyan motocin kaya sun daɗe a kan wannan tsari.

A 1938 Pontiac da Cadillac suka ɗauke sandar suka kai ta jikin sitiyari, Ford ta bi sahu a 1940. Abin da ake nema shi ne fili, mutum uku su zauna a kujerar gaba ba wanda ƙarfe ke tokarar gwiwarsa. Turawa suka ɗauka, shi ya sa 404 ta zo da giyar sitiyari, haka ma 504 lokacin da ta fito a 1968, kafin daga baya ta ƙasa ta yi yawa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake loda gaban a-kori-kura ya san amfanin wannan fili.

Sai dai sauyin ya zo da farashinsa. Tunda sanda ta yi nisa da giyabos, dole aka fito da 'yan hannuwa a gefen akwatin, aka haɗa su da sitiyari ta hanyar rodi da gaɓoɓi. Kowace gaɓa tana da bushin, wato ɗan zoben da ke cike gurbin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kowane bushin yana cinyewa. Sako-sako kaɗan a nan, kaɗan a can, idan ya taru ya iso hannun direba ya zama tazara mai yawa. Daga nan ne wata sananniyar cuta ta giyar sitiyari, a motocin da ta ɗaya da ta biyu ba sa layi guda, take fitowa: direba ya yi saurin barin ta ɗaya zuwa ta biyu, sanda ta dawo firi amma hannun da ke jikin giyabos bai gama dawowa ba, sai komai ya cije. Maganinta a buɗe bonet, a kama hannuwan biyu a jera su a tsakiya, a ci gaba da tafiya. Mai kallo zai rantse giyabos ne ya lalace, alhali ba a taɓa ko noti ɗaya a jikinsa ba.

A ƙarshen shekarun 1950 samarin Amurka masu son gudu suka gaji da wannan jan jiki. Corvette ta samu giya huɗu ta Borg-Warner T-10 a 1957 da sanda a ƙasa. A 1958 George Hurst da Bill Campbell suka kafa kamfani a jihar Pennsylvania, sandar giyarsu ta yi suna har Pontiac ta sa ta a GTO ta 1964 tun daga masana'anta. Abin lura shi ne, da aka dawo ƙasa ba a koma tsohon tsarin sanda-cikin-akwati ba. Giyabos ya riga ya zama mai hannuwa a gefe, mazaunin direba kuma ya ja baya. Sai aka ɗaure wata 'yar na'ura a wutsiyar giyabos, rodi uku suka tashi daga gare ta zuwa gaba: ɗaya na ta ɗaya da ta biyu, ɗaya na ta uku da ta huɗu, ɗaya na ribas. Giyabos ɗin Muncie na kamfanin General Motors da ya fito a 1963 haka yake. Har giyabos ɗin Ford na 1964 da ake kira Toploader, wanda sunansa ke nuni da sama, murfin buɗe shi ne kawai yake sama, giyarsa ta gefe ake canza ta.

A nan ne ake ganin cewa zanen ba na giyabos kaɗai ba ne. Sandar giya tana juyawa ne a kan wata gaɓa, idan ka tura samanta gaba ƙasanta baya yake yi. Ɗan hannun da ke gefen giyabos shi ma haka: in an ɗaura shi yana kallon sama, jan rodi zai juya shi gefe guda, in an kifa shi yana kallon ƙasa, wannan jan dai zai juya shi ɗaya gefen. Don haka wanda ya cire giyar sitiyari ya mayar ƙasa, ko ya sauke giyabos ya mayar ba tare da ya yi wa hannuwan alama ba, zai iya tarar da ta biyu a mazaunin ta ɗaya. A mai giya uku kuwa, kuskuren ya fi muni, domin ribas ne zai koma mazaunin ta ɗaya.

Beetle da doguwar sandarta

Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, shekarar da masana'antar Fijo ta Kaduna ita ma ta fara aiki, misali ce mai kyau domin injinta da giyabos ɗinta suna baya, direba yana gaba. Rodi guda ne dogo ya ratsa ta cikin tudun nan na tsakiyar mota. Murɗa shi ne zaɓar gwafa, tura shi ne shiga giya. Wurare uku ne suke ba da wahala. Na farko wani ɗan bushin roba da ke riƙe rodin a bayan gindin sanda, wanda in ya narke rodin zai riƙa karkarwa yana ƙara, sanda kuma ta yi ta yawo. Na biyu mahaɗin da ke ƙarƙashin kujerar baya, a cikin wani ɗan murfi, shi ma robarsa tana mutuwa, ko ƙusar da ke ɗaure shi ta kwance. Na uku wani farantin ƙarfe a gindin sanda, mai ɗan tudu da ke hana faɗawa ribas. In an ɗaura shi a juye ko a karkace, ko dai ribas ya ɓace gaba ɗaya, ko mai neman ta biyu ya riƙa gogar ribas. Duka ukun kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da sauke injin da giyabos. Golf da ke aikin haya a garuruwanmu ma, waɗanda ke amfani da rodi maimakon waya, 'yan kofunan roba ne a bakin rodin suke fara gajiya.

Yadda ake gane na waje ne ko na ciki

Gwajin farko ba ya buƙatar sifana. A kashe injin, a taka kuloci, a zagaya duka giyoyin. In suna shiga lafiya a kashe amma suna ƙara ko suna ƙi a kunne, musamman ta ɗaya da ribas, kuloci ne ba ya saki sosai. In giya guda ce take ƙara, kuma sai a cikin tafiya, amma tana shiga shiru in an taka kuloci sau biyu, sinkiron wannan giyar ne ya cinye, wannan kam na ciki ne. In kuwa sanda tana lilo ko da tana cikin giya, kuma wahalar iri ɗaya ce a kashe da a kunne, to a leƙa ƙarƙashi.

Gwaji na biyu shi ke raba gardama. A kai motar kan rami, a sa wa ƙafafu waigi, a cire rodin daga hannuwan giyabos, a motsa kowane hannu shi kaɗai. Idan ya faɗa gaba da "ƙas", ya dawo tsakiya da "ƙas", ya faɗa baya da "ƙas", akwatin lafiyarsa ƙalau.

Saitin irin na Hurst kuma yana da ƙa'ida da ya kamata kowane makaniki ya sani, domin tunaninta yana aiki a kan kowane rodi. Ana fara komai daga firi. A ƙasan na'urar akwai rami da ya ratsa hannuwanta uku, ana zura ƙarfe mai kaurin kwatan inci ya jera su a layi guda. Sai a sa hannuwan giyabos su ma a firi da hannu. Daga nan a riƙa murɗa kan kowane rodi, a tsawaita ko a gajarta, har ya faɗa raminsa da kansa ba tare da an ja ko an tura komai ba. Rodin da aka tilasta shi ya shiga, ya riga ya ja gwafa daga tsakiya ke nan. Bayan haka a zare ƙarfen, a daidaita ƙusoshi biyu da ke tsayar da sanda a gaba da baya, don kada ƙarfin hannun direba ya wuce ya lanƙwasa gwafa.

Giyar da ke fita da kanta ita ce ta fi ruɗarwa. Tana iya zama haƙoran ciki da suka lashe. Amma tana iya zama rodin da bai kai zoben ƙarshe ba, ko robar da injin da giyabos ke zaune a kai ta mutu, ta yadda duk sanda aka ba da wuta akwatin zai motsa ya fisge giyar, ko ma robar da ke rufe gindin sanda ta bushe tana ja baya. Abin da ke damuna a nan shi ne yadda sakaci yake mayar da ciwon waje na ciki. Giyar da ke shiga rabi-rabi, da bakin haƙori take ɗaukar nauyin mota. Wata da watanni direba yana dafe sanda da hannu don kada ta fita, bakin haƙoran yana ta lashewa, ranar da za a gyara rodin an makara, dole a buɗe akwatin da gaske.

A bar ta yadda ta zo, ko a canza?

Masu mayar da giyar sitiyari ƙasa suna da hujja. Gaɓoɓin sun ragu, hanyar ta gajarta, giya ta fi shiga da tabbaci, kuma kayan gyaran na sitiyari sun yi wuyar samu. Masu adawa su ma suna da tasu: sai an huda ƙasan mota, wurin zaman mutum na uku ya tafi, kuma a wurin masu tara tsofaffin motoci, wadda aka bari yadda ta fito daga masana'anta ta fi daraja. Ga mai a-kori-kurar da ke neman abinci da ita, abin da zai sa ta fita aiki gobe shi ne gaba, ba na kuma ganin laifinsa. Ga mai 404 ko 504 da ya ajiye ta don tarihinta, shawarata a fara sabunta bushin da gaɓoɓin tukuna. Mutane da yawa da ke kushe giyar sitiyari ba su taɓa tuƙa wadda gaɓoɓinta ke da lafiya ba.

Gajarta tafiyar sanda ma ana gardama a kai. Ana yin ta ne da matsar da gaɓar da sanda ke juyawa a kai, hannu ya yi tafiya kaɗan gwafa ta yi mai yawa. Abin da aka samu a nisa ana biyan sa da ƙarfi, sanda za ta yi tauri. Sinkiro kuma bai san an canza komai ba, lokacin da yake buƙata don daidaita gudu yana nan. Wanda ya samu gajeriyar sanda ya fara fisga, tsohon zoben tagulla ne zai ɗauki wahalar.

Abin da ba ni da sassauci a kansa shi ne gyaran a-rufa-ido: ɗaure bakin rodi da wayar ƙarfe a maimakon fil ɗin da ya ɓata, cusa tsinken roba a gurbin bushin, ko walda rodi a tsayin da aka ƙiyasta da ido. Rodin da ya zame a kan gangara yana barin mota mai kaya ba giyar da za ta riƙe ta, sai birki kaɗai. Haka nan kan sandar da aka saya a kasuwa don kyau, mai zanen wata mota daban. A tsohuwar motar da ta ratsa hannu biyar ko shida, zanen da ke kan sanda ba shaida ba ne. Mai saye ya sa mai sayarwa ya nuna masa kowace giya da hannunsa, sannan shi ma ya gwada a fili, ƙafa ɗaya kusa da birki, ya saki kuloci a hankali ya ga ta ina motar za ta nufa kafin ya ba ta wuta.